Tsakanin Yabo da Zambo: Sharhi Kan Rayuwar Graham Taylor

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai, da ganin kan wannan maƙala, ya ce, "To, me ya gama kifi da kaska? Ina ruwan mujallar Sashen Hausa da wani Bature ɗan ƙwallo?" Tambayar tana bisa hanya, amsarta kuwa kashi biyu ce. Da farko dai, ƙwallon ƙafa na Ingila ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa. Duk ranar Asabar da Lahadi gidajen kallo kan cika maƙil tun daga Kano har Damagaram, kuma da Hausa ake gardamar, da ita ake yabo, da ita ake zagi. Abin da jama'a suka mayar abin hirarsu kuwa bai kamata ɗalibin harshe ya yi masa kallon hadarin kaji ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, da yawa daga cikinmu idan mun ƙare karatu gidajen rediyo da na jaridu za mu nufa, inda za a danƙa mana alƙalami da makirufo, a ce mu auna mutane mu gaya wa duniya nauyinsu. Rayuwar Graham Taylor tana ɗauke da darasi ga duk wanda zai riƙe wannan ma'auni.

Taylor ɗan baya ne wanda ya ƙare wasansa a ƙananan rukunan gasar Ingila, daga bisani ya zama mai horar da 'yan wasa, har ya kai ga riƙe ƙungiyar ƙasarsa daga 1990 zuwa 1993. Ra'ayina game da shi abu uku ne. Rashin sunansa a fagen wasa shi ne ya zame masa makaranta. Gazawarsa a aikin ƙasa gaskiya ce, amma zalunci ne a auna aikin shekara 30 da na shekara 3. Zambon da jarida ta yi masa kuwa ya wuce gona da iri, kuma irinsa ne ya kamata mu koyi guje wa tun muna aji.

Ɗan Baya a Ƙaramin Rukuni

Domin mai karatu ya fahimci zancen, a zamanin da Taylor ya yi wasa gasar lig ta Ingila tana da kulob 92, an kasa su rukuni huɗu. A ƙarshen kowace kaka waɗanda suka yi fice a rukuni sukan hau na sama, na kashin baya kuma su gangara. Rukuni na ɗaya shi ne aka mayar gasar Firimiya a 1992. A can ne kuɗi da suna suke. Rukuni na uku da na huɗu kuwa na ƙananan garuruwa ne, inda filin wasa kan zama taɓo da hunturu, albashin ɗan wasa kuma bai fi na leburan masana'anta da wani abin kirki ba.

An haifi Taylor ranar 15 ga Satumba, 1944, a garin Worksop, ya tashi a Scunthorpe, garin masu narka ƙarfe, inda mahaifinsa yake aikin rubuta labarin wasanni a jaridar garin. A 1962 ya shiga kulob ɗin Grimsby Town, na wani garin masunta a bakin teku, ya yi masa wasan lig 189. A 1968 ya koma Lincoln City, ya yi wasa 150. A duk waɗannan wasanni 339 ƙwallo 3 kacal ya jefa a raga, kuma ko sau ɗaya bai taka fili a rukuni na ɗaya ba. A 1972 ciwon ƙugu ya raba shi da wasa yana da shekara 28. Da a nan labarin ya tsaya, da babu wanda zai tuna da shi sai tsofaffin garin Lincoln.

To, me mutum yake koya a irin wannan wuri? Ɗan baya yana tsaye ne a inda yake ganin filin duka a gabansa, yana ganin inda sahu ya ɓalle da inda aka bar kafa. Aikinsa kuma irin wanda ba a gani ne sai ranar da ya lalace: in ya tare hari tara ba mai tafa masa, in na goma ya wuce shi ne zancen gari. Idan kuma Allah bai ba shi gudu ko gwanintar ƙafa ba, dole ya rufe wannan giɓi da tunani, watau ya san inda zai tsaya tun ƙwallo bai iso ba, ya san halin wanda yake tsaro, ya riƙa magana da abokan wasansa. Taylor tun yana wasa, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya shiga kwasa-kwasan hukumar ƙwallon Ingila ya sami takardun shaidar horarwa. Ya san ƙafarsa ba za ta kai shi nesa ba, sai ya kama hanyar da kansa zai kai shi.

Mu ɗaliban harshe bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Bahaushe yakan yi magana da karin sauti daidai, da tsawon wasali daidai, ba tare da ya taɓa tunanin yadda yake yi ba. Amma ka ce masa ya bayyana maka bambancin "saya" da "sayo" da "saye" da "sayar", sai ya ce ai haka ake faɗa. Sai da F. W. Parsons, wanda ya koyi Hausa da wahala, ya zauna ya tsara aikatau cikin aji bakwai a 1960, sannan aka sami hanyar koyar da abin a aji. Haka gwanin ɗan wasa yake. Abin da yake yi baiwa ce, sau da yawa bai san yadda zai fasalta shi ga wanda ba shi da ita ba. Bobby Charlton, wanda ya ci kofin duniya a 1966, ya riƙe Preston a 1973, kulob ɗin ya gangara a kakarsa ta farko. Arrigo Sacchi kuwa, wanda bai taɓa yin wasan ƙwararru ba, ya ci wa AC Milan kofin Turai a 1989 da 1990. Jürgen Klopp ma ɗan baya ne a Mainz, a rukuni na biyu na Jamus. Ba ina cewa gwani ba ya iya koyarwa ba ne, domin ga Franz Beckenbauer, ga namu Stephen Keshi wanda ya ɗauki kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ɗauka yana mai horarwa a 2013. Abin da nake cewa shi ne, wasa sana'a ce daban, koyar da shi sana'a ce daban, kuma kowa ya iya ta biyun zama ya yi ya koye ta.

Daga Lincoln Zuwa Watford

A watan Disamba na 1972 aka naɗa Taylor manajan Lincoln City, shi ne mafi ƙarancin shekaru a manajojin gasar a lokacin. Farkon abin bai yi daɗi ba, domin ya jera wasanni da dama bai ci ko ɗaya ba, har 'yan kallo suna ihun a kore shi. Shugabannin kulob suka yi haƙuri. A 1975 kiris ya rage su hau rukuni na uku, lissafin ƙwallaye ne kawai ya fifita Chester a kansu. A kakar 1975/76 kuwa suka ɗauki rukuni na huɗu ta hanyar da ba a taɓa gani ba: cikin wasa 46 suka ci 32, suka yi kunnen doki 10, aka ci su 4, suka jefa ƙwallo 111, suka tara maki 74. A tsarin maki biyu ga wanda ya ci wasa, wanda aka bi har 1981, babu kulob ɗin da ya kai wannan adadi. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa da an bi ihun 'yan kallo a farkon 1973, da duk wannan bai faru ba.

A Lincoln ne ya fara wata al'ada wadda ta bi shi har ƙarshen aikinsa. Yakan kwashi 'yan wasansa ya kai su masana'antu da sauran wuraren aiki na garin, su ga mutanen da suke cire kuɗin ƙofa daga guminsu ran Asabar. A ganinsa kulob na mutanen gari ne, ɗan wasa kuwa ma'aikacinsu ne.

A 1977 West Bromwich Albion, wanda ke rukuni na ɗaya, ya neme shi. Sai ya ƙi, ya zaɓi Watford wanda ke can rukuni na huɗu, inda shahararren mawaƙin nan Elton John ya zama shugaba a 1976. Watford ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin Landan, filinsa na Vicarage Road har tseren karnuka ake yi a gefensa. Abin da ya biyo baya ya yi kama da tatsuniya. A 1978 suka ɗauki rukuni na huɗu. A 1979 suka bar na uku. A 1982 suka shiga na ɗaya, karo na farko a tarihin kulob ɗin. A kakarsu ta farko a can suka lallasa Sunderland da ci 8 da nema, suka ƙare a matsayi na biyu, Liverpool kaɗai ce a gabansu. A 1983 suka shiga gasar kofin UEFA, suka fitar da Kaiserslautern ta Jamus da Levski ta Bulgeriya kafin Sparta Prague ta tsayar da su. A 1984 suka kai wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, inda Everton ta ci su 2 da nema. Watau cikin shekara 6 kulob ya taso daga rukuni na huɗu ya zama na biyu a duk faɗin Ingila.

Bai yi wannan da sayen manyan 'yan wasa ba. Luther Blissett, haifaffen Jamaika, a kulob ɗin ya same shi yana saurayi, ya raine shi har ya fi kowa cin ƙwallo a rukuni na ɗaya a 1983 da ƙwallo 27, AC Milan ta saye shi fam miliyan 1. Shi ne kuma baƙar fata na farko da ya ci wa babbar ƙungiyar Ingila ƙwallo, a Disamba 1982. John Barnes kuwa daga wani ƙaramin kulob na unguwa mai suna Sudbury Court aka ɗauko shi a 1981 yana ɗan shekara 17, ladan da aka ba kulob ɗin rigunan wasa ne. Wannan fa a zamanin da 'yan kallo a filayen Ingila suke jifar baƙaƙen 'yan wasa da ayaba suna yi musu kukan biri. Daɗin daɗawa, Taylor bai ji kunyar neman na gaba da shi ba. Ya ɗauko dattijo Bertie Mee, wanda ya ci wa Arsenal lig da kofin FA a 1971, ya zama mataimakinsa. Da ma da tsohuwar zuma ake magani.

Amma a ganina babban aikinsa a Watford a wajen fili yake. Shekarun 1970 da 1980 lokaci ne da 'yan tarzoma suka addabi filayen Ingila, har kulob-kulob suka riƙa kewaye 'yan kallo da shingen ƙarfe kamar dabbobi. Ƙarshen wannan hanya ita ce masifar Heysel ta 1985, inda mutum 39 suka mutu, da ta Hillsborough ta 1989, wadda ta ci rai 97, galibinsu an matse su ne a jikin shinge. Watford ba ta kafa irin wannan shinge ba. Maimakon haka sai ta keɓe wuri na musamman domin iyaye da 'ya'yansu, kuma Taylor da kansa ya shiga tseren dogon zango na Landan a 1983 domin ya tara kuɗin gyara wa iyalai wurin tsayawa. Ya wajabta wa 'yan wasansa su zauna kusa da garin, su riƙa ziyartar makarantu da asibitoci. Ya gane cewa wanda ya zo kallo da ɗansa a hannu ba shi zai fara jifa ba, kuma mutum in ka ɗauke shi da mutunci yakan yi ƙoƙarin riƙe shi.

Sukar Salon Wasansa

Adalci ya wajabta a kawo abin da masu sukarsa suka ce. Sun ce wasan Watford ba shi da armashi, duka ne kawai a aika ƙwallo gaba a bi shi da gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Taylor ya amfana da binciken wani tsohon hafsan sojan sama mai suna Charles Reep, wanda ya shafe shekaru yana ƙirga yadda ake cin ƙwallo, ya ce mafi yawan ci yana zuwa ne bayan miƙa ƙwallo sau uku ko ƙasa da haka. Masana daga baya sun nuna rauni a lissafin Reep, domin mafi yawan hare-hare da ma gajeru ne, saboda haka ba abin mamaki ba ne yawancin ci ya fito daga cikinsu.

Sai dai masu sukar sun manta da abu biyu. Watford tana wasa ne da 'yan gefe biyu da 'yan gaba biyu, tana matsa wa abokan karawa tun a gidansu domin ta ƙwace ƙwallo kusa da ragarsu, abin da a yau ake yaba wa manyan masu horarwa a kansa. Sannan kuma mai ƙaramin jari ba ya kasuwancin mai babban jari. Wanda ba shi da kuɗin sayen gwanayen tsakiya irin na Liverpool, in ya ce zai yi wasa irin nasu, ya kashe kansa. Daidai ruwa daidai tsaki. Da ya koma Aston Villa a 1987, bayan ta gangara, ya mayar da ita rukuni na ɗaya a 1988, ya kai ta matsayi na biyu a 1990, da 'yan wasa irin su David Platt wanda ya sayo daga ƙaramin kulob na Crewe, da Paul McGrath, da Dwight Yorke wanda ya hango a tsibiran Karibiyan.

Aikin Ƙasa

A Yulin 1990 aka ba shi ƙungiyar Ingila, ya gaji Bobby Robson wanda ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na Italiya, bayan ta sha da ƙyar a hannun Kamaru da ci 3 da 2. A nan ne tafiya ta yi tsami, kuma ba zan wanke shi tas ba. Ya yawaita canza 'yan wasa da tsari, ya yi watsi da gwanaye irin su Chris Waddle da Peter Beardsley alhali suna kan ganiyarsu. A gasar Turai ta 1992 Ingila ta tashi babu ci da Denmak, ta tashi babu ci da Faransa, Suwidin ta ci ta 2 da 1. A wannan wasa na ƙarshe ya fitar da Gary Lineker ana tsakiyar neman ci, a wasansa na ban kwana, yana da ƙwallo 48, saura ɗaya ya kamo Bobby Charlton. A Yunin 1993 Norwe ta ci su 2 da nema a Oslo bayan ya sauya tsarin wasa dab da karawar, Amurka ma ta ci su 2 da nema. Dabarun da suka yi aiki a kulob, inda mai horarwa yake tare da yaransa kullum, ba su yi aiki ba a ƙungiyar ƙasa inda ake haɗuwa kwana kaɗan a watse.

Amma akwai abubuwan da ba shi ya jawo su ba. An hana kulob-kulob na Ingila shiga gasar Turai daga 1985 zuwa 1990 saboda abin da ya faru a Heysel, saboda haka samarin da ya gada ba su goge da wasan ƙetare ba. Peter Shilton da Terry Butcher sun yi ritaya. Paul Gascoigne da John Barnes da Alan Shearer duk sun yi doguwar jinya a lokutan da ake bukatarsu. Ranar 13 ga Oktoba, 1993, a Rotterdam, Ronald Koeman na Holan ya janyo David Platt ya kayar da shi yana dab da shiga da ƙwallo, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi maimakon kora, bayan 'yan mintoci kuma shi Koeman ɗin ya ci da bugun tazara. Holan ta ci 2 da nema. Abin ban dariya ma shi ne, Norwe da ta zo ta ɗaya a rukunin, mai horar da ita Egil Olsen almajirin Reep ne na gaske, watau salon da aka zagi Taylor a kansa da shi aka kayar da shi. A Nuwamba 1993 ya ajiye aiki. Cikin wasa 38 ya ci 18, ya yi kunnen doki 13, an ci shi 7. Gasar da Ingila ta rasa kuwa ita ce ta Amurka a 1994, wadda Nijeriya ta fara halarta a ƙarƙashin Clemens Westerhof, shi ma mutumin da ba a san shi da wani suna a fagen wasa ba.

Zambon Jarida

A nan ne zancen ya shigo gonarmu. Bayan wasan Suwidin, jaridar The Sun ta yi wasa da kalmomi. A Turanci sunan da ake kiran mutanen Suwidin da shi, shi ne kuma sunan wata saiwar lambu mai kama da gwaza, tana da 'yar'uwa da ake kira tanif, wadda Turawa kan siffanta dolo da ita. Sai jaridar ta ce 'yan Suwidin sun ci biyu, tanif sun ci ɗaya, ta kuma riƙa buga hoton fuskar Taylor a jikin wannan saiwa. Sunan ya bi shi. Ranar da ya ajiye aiki ma sai da aka sake buga hoton a shafin farko. Wani fim na talabijin da aka nuna a farkon 1994, wanda shi da kansa ya ba da iznin ɗauka, ya nuna shi a bakin fili cikin ruɗewa yana ashar, abin ya ƙara zama abin dariya. A 1995, yana manajan Wolverhampton, wani ɗan kallo ya tofa masa yawu a filin Sheffield United.

Duk wanda ya karanci waƙar baka ya san wannan abu da sunansa, zambo ne. Makaɗan fada sukan yi wa abokin hamayyar ubangidansu zambo, su kama wata siffa ta jikinsa ko ta halinsa su ƙara mata gishiri, har ya zama in an ga mutumin siffar ake gani. Ƙarfin zambo shi ne ba ya bukatar hujja, kuma ba a iya amsa shi da hujja. Wanda aka ce ya yi kuskuren tsara 'yan wasa yana iya kare kansa ko ya amsa laifi. Wanda aka ce kansa gwaza ne fa, me zai ce? Amma zambon fada yana da iyaka: galibi makaɗi ba ya kama suna, kowa ya san ɓangaren da yake yi wa aiki, kuma muryarsa ba ta wuce inda kiɗansa ya kai ba. Jarida kuwa tana shiga hannun miliyoyin mutane kowace safiya da rigar mai ba da labari. In ta koma zambo, ta ci amanar mai karatu, domin ya zo neman ma'auni an ba shi bulala.

Ba ina cewa kada a soki mai riƙe da amanar jama'a ba ne. Sukar da na kawo a sama game da Waddle da Lineker da wasan Oslo suka ce mai tushe, kuma jaridun kirki sun yi ta a lokacin. Bambancin shi ne, suka tana kama aiki ta ce ga inda ya karkace, zambo kuwa mutumin yake kamawa ya tuɓe masa riga a kasuwa. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya tofa yawun nan na 1995 a jarida ya koyi cewa wannan mutum ba shi da sauran mutuncin da za a kiyaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Taylor ya amsa. Ya koma Watford a 1996 ya tarar tana gangarawa rukuni na uku. A 1998 ya ɗauki wannan rukuni, a 1999 ya doke Bolton 2 da nema a Wembley ya shigar da ita Firimiya. Gaskiya ne ta gangaro a 2000, amma hawa biyu a jere da ƙaramin jari, karo na biyu a kulob ɗaya, ba aikin dolo ba ne. Daga baya ya sake riƙe Aston Villa na ɗan lokaci, ya yi sharhin wasanni a rediyon BBC, ya shugabanci Watford daga 2009 zuwa 2012. A 2014 aka sa wa wani sashe na Vicarage Road sunansa. Ya mutu ranar 12 ga Janairu, 2017, yana da shekara 72, a 2018 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a bakin filin.

Kammalawa

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da namu. Marigayi Shuaibu Amodu, wanda karaya ta raba shi da wasa tun bai yi suna ba, ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin Afirka na zakarun kofuna a 1990, ya horar da El-Kanemi ta Maiduguri, ya samo wa Nijeriya gurbin kofin duniya na 2002 da na 2010, kuma duk sau biyun aka sauke shi kafin a tafi gasar. Cikin dalilan da aka riƙa yaɗawa har da cewa ba shi da kwarjinin da zai riƙe manyan 'yan wasa. Ciwon ɗaya ne da na Ingila: ana tambayar wane ne mutum kafin a tambayi me ya yi.

Saboda haka ina kira ga masu riƙe da ƙananan kulob na garuruwanmu da su dubi tsofaffin 'yan bayansu waɗanda ba su yi suna ba, su taimaka musu su sami horon koyarwa, in sun ba su aiki kuma su yi musu haƙurin da Lincoln ta yi wa Taylor. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, mun koyi rarrabe yabo da zuga da habaici da zambo domin cin jarrabawa, to ranar da muka zauna a ɗakin labarai sai mu tuna cewa mun san sunan kowannensu, ba mu da uzurin cewa ba mu san wanda muke yi ba. Mu soki aiki iyakar ƙarfinmu, mu kawo hujja da lissafi, mu ajiye shekarun nasara a gefe ɗaya na sikeli, na gazawa a ɗaya gefen. Wannan shi ne ra'ayina, kuma shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk wanda yake ganin abin ta wata fuska.